Yadda zaka mayar da kalmomin barin otal daga Turanci zuwa Faransanci ba tare da ka haɗa rigima a kantar karɓar baƙi ba

Idan manaja ya miƙo maka katin nan da ake liƙawa a bayan ƙofar ɗakin otal, ko takardar lissafin da ake ba baƙo ranar da zai tafi, yace tunda kai ka yi Faransanci a makaranta ka ɗan juya mana shi, to kar ka fara da ƙamus, kuma don girman Allah kar ka kwashe shi gaba ɗaya ka zuba a Google Translate ka buga ka liƙa. Fara karanta Turancin tukuna da biro a hannunka, duk inda ka ga an rubuta check out ka ja masa layi, ka tambayi kanka a nan wurin me ake so baƙon ya yi.

Wani zai ce ai baƙin da suke sauka a otal-otal ɗin Kano da Katsina da Sakkwato daga Maraɗi ko Damagaram ko Yamai duk suna jin Hausa, me ya kawo wahalar fassara. Gaskiya ne suna ji, har ma tun 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma magana daban, karatu daban. Mutumin da ya yi bokonsa da Faransanci, in ka miƙa masa takardar kuɗi idonsa kalmomin da ya saba gani yake nema, kuma in ofis ne ya turo shi, akantan da zai karɓi takardar a can da Faransanci zai duba ta. Ga kuma ’yan Kamaru da Chadi da Benin da suke zuwa sarin kaya a Kwari ko ganin likita, ba dukkansu ne Hausawa ba.

Matsalar check out ita ce Bature ya cusa aiki uku a cikin kalma ɗaya: ka kwashe kayanka ka bar ɗakin, ka biya abin da ake binka, ka mayar da makulli. Faransanci bai yarda da wannan cushen ba, kowanne aiki da sunansa. Kamar ka shiga shago ne ka ce a baka yadi, dole a tambaye ka shadda ko atamfa ko leshi. To haka.

In maganar lokaci ake yi, wato ƙarfe nawa za a bar ɗaki, kalmarka ita ce libérer la chambre. Check-out time is 12 noon zai zama:

Les chambres doivent être libérées avant midi.

In maganar biya ce, régler la note. Please check out at the front desk, abin da ake nufi shi ne ka zo kantar karɓar baƙi ka biya, saboda haka:

Merci de régler votre note à la réception.

In makulli ne, rendre la clé ko remettre la clé, na biyun ya fi ladabi a rubuce. In kuma kan fom ne kawai, layi biyu da aka rubuta Check-in da Check-out don a sa kwanan wata, to Arrivée da Départ, shi kenan, kar ka ƙara komai. Départ ita ce uwar kalmar a wannan fagen gaba ɗaya, heure de départ, date de départ, jour du départ, in ka rasa ta cewa koma gare ta ba zaka ji kunya ba.

Abin da na’ura take yi in ka bar ta ita kaɗai: wani lokaci ta baka vérifier, saboda check ɗin ta gani, wani lokaci caisse, wanda wurin biyan kuɗi ne a babban kanti, wani lokaci sortie, ita kuma ƙofar fita ce, irin wadda ake rubutawa da kore saboda gobara. Ka rubuta heure de sortie mutum zai gane dai da ƙyar, amma zai san wanda ya rubuta bai taɓa kwana a otal ɗin ƙasar Faransanci ba. Sannan ka lura da quitter da partir. Quitter sai ka faɗi abin da aka bari, il a quitté l’hôtel, amma partir tana tsayawa da ƙafarta, il est déjà parti. A bakin mutane a Yamai ko Kwatano zaka ji ana cewa il a quitté kawai a yi shiru, kowa ya gane, sai dai a rubuce a katin otal ni ba zan sa ba.

Eh, na sani ma’aikatan otal a Faransa su ma suna cewa le check-out a tsakaninsu, zaka ma gan shi a shafukan kama ɗaki na intanet. Ni dai ra’ayina kar ka bi su. Wanda aka yi wa fassarar shi ne wanda Turancin ya gagara, in ka mayar masa da Turancin ka ɗora le a gaba me ka yi masa kenan?

Yanzu agogo. Nan ne ake yawan cin mutane kuɗin kwana ba gaira ba dalili. Faransanci awa 24 yake lissafi, babu AM babu PM. 11 AM shi ne 11h ko 11h00, 2 PM kuma 14h, 6 PM 18h. 12 PM shi ne midi, sha biyun rana, 12 AM kuma minuit, sha biyun dare, harafi kaɗan ne tsakaninsu amma awa goma sha biyu ce cur, in ka rubuta minuit a wurin midi ka ba baƙo izinin ya kwanta har dare kuma shi ne mai gaskiya. Ka kuma tambayi manaja wane iri yake nufi, avant midi wato kafin sha biyu ta buga, ko au plus tard à midi wato sha biyun ita ce iyaka. Kamar ɗaya ne amma ranar da wani ya sauko sha biyu daidai aka ce ya ƙara kuɗi zaka ga ba ɗaya bane.

Late check-out shi ne départ tardif. Ba départ en retard ba, en retard na wanda ya makara ne, laifi ne a kansa, tardif kuma alfarma ce da otal ya sayar ko ya bayar. Yawanci ana haɗa shi da sharaɗi: sur demande, sai an nema, selon disponibilité, in da hali, moyennant un supplément, da ƙarin kuɗi. In kuma dokar gidan ita ce wanda ya wuce ƙarfe shida na yamma ya biya kwana guda, a nan zaka buƙaci kalmar nuitée, wato kwana ɗaya a matsayin abin da ake saya, ba nuit ba wanda dare ne kawai:

Au-delà de 18h, une nuitée supplémentaire sera facturée.

Early check-out kuwa kashi biyu ne, sai ka tambaya. Wanda ya kama ɗaki na kwana biyar ya tashi a na uku, wannan départ anticipé ne, kuma yawanci akwai maganar ko za a mayar masa da kuɗi. Wanda zai fita da asuba don ya kama jirgi ko motar farko, wannan départ matinal ne, abin da yake buƙata a tashe shi ne kawai, service de réveil.

To mu zo kan kuɗi, don nan ne ainihin aikin, sauran duk mai sauƙi ne.

Bill a Turanci ɗaya ne, a Faransanci ka zaɓa. Lissafin otal la note. Na gidan abinci l’addition, kar ka kawo shi kanta. La facture ita ce takardar hukuma mai sunan kamfani da lamba da haraji a rarrabe, ita ce invoice. Le reçu kuma rasit, shaidar an karɓi kuɗi. Ma’aikacin gwamnati ko na wata ƙungiya da aka turo aiki, in yace maka il me faut une facture ka miƙa masa ɗan rasit ɗin POS, wallahi baka taimake shi ba, don ba za a biya shi ba in ya koma. Abin da yake so facture acquittée ce, wato wadda aka nuna an biya, da hatimi, le cachet, da sa hannu, la signature. Lambar harajin da ake cewa TIN a Najeriya, a Nijar NIF suke cewa, a Benin IFU. A takardarka ka rubuta numéro d’identification fiscale ka sa lambar otal ɗin, kowa zai gane.

Deposit ita ce mai cizo. A otal ɗinmu kalma ɗaya ake amfani da ita a kan abu uku, kai kuma dole ka rarrabe kafin ka rubuta. In kuɗin ajiya ne na ko-ta-kwana, wanda za a mayar wa baƙo in bai fasa komai ba bai ɓatar da makulli ba, shi ne la caution ko dépôt de garantie. Abin dariya a nan, masu ba da hayar gidajen kwana a Abuja da Legas da suke cewa caution fee, Baturen Ingila zai yi ta mamaki don shi caution gargaɗi ne, amma mai jin Faransanci nan take zai gane. In kuwa kafin alƙalami ne, wani ɓangare na kuɗin ɗaki da aka fara bayarwa za a cire a lissafin ƙarshe, kalma biyu ce a gabanka, acompte da arrhes, kuma a dokar Faransa ba abu ɗaya bane. Arrhes, bisa sashe na 1590 na kundin dokarsu da ake kira Code civil, kowa yana iya fasawa: baƙo ya fasa ya yi asarar abin da ya bayar, otal ya fasa ya mayar da ninki biyu. Acompte kuma ciniki ya faɗa, ba ja da baya, ciko kawai ya rage. Kaga kenan in ka rubuta arrhes don ta fi kama da babban Faransanci, ka ɗora wa manajanka alƙawarin da bai san ya ɗauka ba a idon baƙon da ya san kalmar. In otal ɗin ba shi da wata tsayayyar doka a kan wannan, rubuta paiement anticipé ko avance, sannan ka bi shi da jimla guda da ta faɗi ƙarara ko ana mayarwa, remboursable, ko ba a mayarwa, non remboursable. Na ukun shi ne riƙe kuɗi a katin banki ba tare da an cire ba, wannan pré-autorisation ne ko empreinte bancaire.

Balance, kar ka kuskura ka bar shi balance, sikeli ne a Faransanci. Cikon da ya rage shi ne le solde, ko mafi sauƙi reste à payer. Kuma le zaka sa, don la solde albashin soja ne. In kuma balance ɗin irin namu ne na ’yan Najeriya, wato canjin da za a mayar maka, to la monnaie. Ita ma monnaie ɗin ba money bace, canji ne. Tsabar kuɗi espèces, biya da kati par carte, taransfa virement. Refund remboursement. Tip, tukwici, pourboire.

Charge ma haka, kar ka kai shi charges, wannan ya fi tafiya da kuɗin wuta da ruwa na gidan haya. Frais zaka ce, ko supplément. Service charge frais de service. Complimentary kuma, wato kyauta, offert ne ko gratuit, ba ruwansa da yabo. Abubuwan da baƙo ya ci ya sha aka rubuta a ɗakinsa consommations, na ɗan firjin ɗaki consommations du minibar, wanki da guga blanchisserie, kai abinci ɗaki service en chambre.

Haraji ka fassara suna ka bar adadi yadda yake. VAT shi ne TVA. A Najeriya kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020, a Nijar 19, a Benin da Togo 18, saboda haka in baƙo yace ai ba haka bane a wajensu, gaskiyarsa, amma na ƙasar da ya kwana zai biya. Gajerun kalmomi biyu da idon mai Faransanci yake nema a ƙasan takarda su ne HT, kafin haraji, da TTC, an haɗa da duk haraji. Sa su a inda ya dace, rabin tambayoyin da ake yi a kanta zasu mutu. Sai harajin jiha, kamar kashi 5 ɗin da Legas take karɓa a otal da gidan abinci tun 2009. Da yawa suna juya shi taxe de séjour, ni bana so, don taxe de séjour a Faransa yawanci a kan kowane mutum ne a kowane kwana, namu kuma kaso ne na jimlar kuɗi. Taxe de consommation ya fi gaskiya.

Rubuta lambobi kuma, nan ma akwai tarko. Waƙafi a Faransanci shi ne yake raba cikakken kuɗi da ɓarɓashi, dubbai kuma tazara ake bari. 45,000 namu zai zama 45 000, 7.5% zai zama 7,5 %, alamar kuɗi kuma a baya take zuwa, 45 000 nairas. Misalin da kowa ya sani shi ne canjin yuro da sefa, 655,957, wanda ɗan Najeriya zai karanta dubu ɗari shida da wani abu alhali ɗari shida da hamsin da biyar ne da ’yan ɗigo. Kuma kar ka yi wa otal gwaninta ka juya farashin zuwa sefa a katin da za a buga a liƙa, naira ba ta zama wuri ɗaya, bayan wata biyu katin ya zama ƙarya. Balle ma sefar iri biyu ce, ta babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, BCEAO, da ake kashewa a Nijar da Benin da Togo, da ta bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, BEAC, ta Kamaru da Chadi, darajarsu ɗaya a takarda amma kuɗin ba ɗaya bane.

Sauran na kaya da hanya ba sa buƙatar dogon bayani. Luggage bagages, g ɗaya a tsakiya ba biyu irin na Turanci ba, kuma jam’i ne. Ɗakin ajiye kaya bagagerie ko consigne à bagages, mai ɗaukar kaya bagagiste. Makullin kati carte-clé. Akwatin ajiyar kuɗi coffre-fort, kuma yana da kyau katin ya tuna wa baƙo ya kwashe fasfonsa daga ciki. Lost and found objets trouvés. Motar kai mutane filin jirgi navette aéroport. In ka ga location de voitures hayar mota ake nufi ba wurin da mota take ba. Ground floor rez-de-chaussée, first floor premier étage, tunda mu lissafin Ingila muke bi ya zo daidai da na Faransa, sai dai in takardar daga kamfanin Amurka aka kwafo ta, su first floor ɗinsu ƙasa ne, sai ka leƙa ka ga inda kantar take da idonka.

Ladabi: vous ne daga farko har ƙarshe, ko da baƙon sa’an ƙaninka ne. Please yana da fuska uku a sanarwa, Veuillez, Merci de, Prière de, dukkansu aikatau ne yake bin su a siffarsa ta asali, veuillez remettre, merci de remettre. Prière de ta ɗan yi kama da sanarwar ofishin gwamnati, ni nafi son biyun farko, kuma ka zaɓi ɗaya ka riƙe kar katin ya zama kowane layi da muryarsa. Stay shi ne séjour. Mr a Faransanci M. ne da ɗigo, Mrs kuma Mme, sunan wata da na rana da ƙaramin harafi ake farawa, lambar ɗaki chambre n° 14. Ana barin tazara kafin ɗigo biyu da alamar tambaya. Alamomin kan haruffa kuma ba ado bane, réglé an biya kenan, règle doka ce ko rula, a waya ka danne harafin ka riƙe zasu fito.

Ga yadda ƙaramin kati zai iya kasancewa in ka haɗa su, ka canza lokaci da kuɗi zuwa na gidanku:

Départ : les chambres doivent être libérées au plus tard à midi.
Départ tardif possible sur demande, selon disponibilité et moyennant un supplément.
Merci de régler votre note et de remettre votre clé à la réception.
La caution est remboursée après vérification de la chambre.
Une bagagerie est à votre disposition.
Merci de votre séjour et bonne route.

In ka gama, kar ka kai wa malamin Faransanci ka ce ya duba nahawu kawai. Nemi baƙo ɗaya ɗan Nijar ko direban da yake zirga-zirgar Maraɗi wanda ya yi boko, miƙa masa katin kar ka nuna masa Turancin, ka tambaye shi da Hausa: ƙarfe nawa zaka bar ɗaki, nawa za a mayar maka, in ka makara me zai faru. In amsarsa ta zo daidai da abin da manaja yake nufi an gama, in ta saɓa to layin da ya kawo saɓanin shi zaka sake, ko da nahawunsa lafiya lau yake.

Sannan ka buga Turancin da Faransancin gefe da gefe a takarda ɗaya, layi yana kallon layi, don yaran kanta da ba sa jin Faransanci su iya nuna wa baƙo da yatsa. Ka kuma rubuta musu a ’yar takarda abin da zasu fi ji daga bakin baƙo da safe, su liƙa kusa da kwamfuta: je voudrais régler ma note, zan biya in tafi, je libère la chambre, na bar ɗaki, je peux laisser mes bagages, zan iya barin kayana, je voudrais prolonger d’une nuit, zan ƙara kwana ɗaya. Wannan na ƙarshen su kula da shi sosai, don prolonger ba tafiya bace, kar a je a ba wani ɗakin alhali mai shi yana kasuwa.